Don Allah 'yan cikin garin Bauchi, daga ina ganuwa ta fara kuma ina ta tsaya?

Malamar Aji Shida:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ni malamar firamare ce a nan Yelwa, aji shida nake riƙe da shi, kuma ba haifaffiyar garin nan ba ce ni, aure ne ya kawo ni daga Azare shekara tara kenan. Abin da ya kawo ni shi ne, ran Talata muna darasi a kan garinmu sai na rubuta Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti a allo, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce Malama wai ƙofar gidan waye, kuma wa yake rufe ta da daddare? Aji ya ɗauki dariya amma ni jikina ya yi sanyi, don da na juya kan masu dariyar su ma babu ko ɗaya da ya san garin nan yana da ganuwa, su a wurinsu Wunti kasuwa ce kawai da inda ake sauka a keke napep. Yara talatin da bakwai fa, kuma rabinsu kakanninsu na cikin gari.

Na yi magana da hedimasta ya yarda za a ɗaukar mana bas ɗaya na yini guda mu zaga da su kafin hutu. To ina neman taimakon waɗanda aka haifa a ciki. Ƙofofin nan nawa ne kuma menene sunayensu, har yanzu akwai inda za a nuna wa yaro ganuwar ya taɓa da hannunsa? Mutum nawa ne ke zaune a cikin gari? Sannan ina da ina ya kamata mu tsaya, don kuɗin mai ba zai kai mu ko'ina da ko'ina ba. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Jahun:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya biya ki, wallahi tambayan yarinyan nan ya taɓa ni. Ki yi haƙuri da Hausana, Bausanci ne, mu ƙofan muke cewa da ganuwan, haka muka taso muka ji.

Bari in fara daga tushe. Malam Yakubu ɗan Malam Dadi, almajirin Shehu Usmanu ne, Bageri ne, kuma cikin manyan da suka karɓo tuta shi ne wanda ba Bafulatani ba. Da ya dawo bai fara zama a inda garin yake yanzu ba, a Inkil ya zauna, nan gabas in kin ɗauki hanyan Gombe. Daga baya ne ya taso ya kafa garin, shekaran da aka fi rubutawa 1809, ya yi sarauta har 1845. Shi ya sa duk inda kika je a Arewa in kika ce Bauchi za a ƙarasa miki da Bauchin Yakubu. Labarin da iyayenmu suka ba mu, wani maharbi ne mai suna Baushe ya nuna masa wurin kusa da dutsen Warinje, shi kuma ya yi masa alkawarin sa wa garin sunansa.

Wurin kuwa in kin lura ba a banza aka zaɓe shi ba. Ki sa direba ya tsaya a wani fili ki ce yara su juya su duba kowane ɓangare, duk inda suka kalla dutse za su gani, ga Warinje ga na wajen Wambai ga Gudum ga Dutsen Tanshi, garin yana zaune a tsakiya kaman tuwo a cikin akushi. Garin kansa a kan tudu yake, ya ɗan haura mita 600 daga matakin teku, shi ya sa sanyin hunturunmu ba wasa ba. Duwatsun nan su ne ganuwan farko da Allah ya yi, na ƙasa kuma mutane suka ɗora.

Ganuwan zagayensa wajen kilomita 10 da rabi ne, wato in mutum zai bi shi da ƙafa sai ya yi awa biyu da wani abu. Ƙofa tara aka fi faɗa, amma sunayen da ke bakin mutane yau in kin jera su goma za ki samu: Inkil, Idi, Tirwun, Wambai, Nasarawo, Wunti, Ran, Jahun, Dumi da Wase. Kuma sunan kowanne darasi ne da kansa Malama, kar ki bari su haddace kaman karatun aku. Ƙofan Inkil hanyan Inkil yake kallo, ƙofan Tirwun na Tirwun, wanda tsohon gari ne da ya girmi Bauchi, ƙofan Idi ta nan ake fita sallan idi, Wambai kuma sarauta ne. Ƙofan Wase shi ne na fi so a gaya wa yara, don Wase yau a jihar Filato yake amma a da ƙarƙashin Bauchi yake, to ƙofan nan shi kaɗai ya isa ya nuna musu inda ikon masarautan ya kai.

Batun a taɓa ganuwa da hannu kuma, nan ne zuciyana ke ɓaci. Abin da za ki gani a bakin titi yanzu ƙofofin siminti ne da aka sake ginawa aka shafa fenti, suna da kyau a hoto amma ba su ne na asali ba. Ganuwan ƙasan kansa an cinye yawancinsa. Ni da idona, muna yara a bayan gidanmu akwai wani guntu da ya fi tsayin mutum biyu, jan ƙasa mai tauri da ƙananan tsakuwa a ciki, muna hawa mu zauna a kai da yamma muna hango shanu suna dawowa, faɗinsa a sama har mutum uku suna zama a jere. Kowane damina sai ya ɗan zube, kowane rani kuma sai a zo da jaki da mangala a ɗebi ƙasan a je yin tubali ko yaɓe, babu wanda ya ɗauke shi laifi, har kakana ya ɗiba da zai gyara zaure. Yau shago uku ne a wurin da injin markaɗe. Guntayen da suka rage suna bayan gidajen mutane ne da cikin lunguna, sai kin samu dattijon unguwa ya kai ki. Shawarana ki je wurin mai unguwa tun kafin ranan, ki gaishe shi ki faɗa masa buƙatanki, zai haɗa ki da wanda ya san wurin.

Abu Hafsat:

Malama sannu da ƙoƙari. Ni batun yawan jama'a zan taɓa don na yi aikin ƙidayar 2006 a matsayin ma'aikacin wucin gadi, lokacin ina ɗalibi. Lambar da za ki gani ko'ina in kin bincika a intanet ita ce 493,810, to don Allah kar ki rubuta wa yara ita a matsayin mutanen cikin gari, wannan ta ƙaramar hukumar Bauchi ce gaba ɗayanta, ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 3,687, ta haɗa da Liman Katagum da Zungur da Galambi da Miri da Durum inda filin jirgi yake da ƙauyuka masu yawa. Jihar kuma gaba ɗaya a ƙidayar nan mutum miliyan 4 da dubu ɗari shida da 'yan kai ne. Kuma ki tuna tun 2006 ba a sake ƙidaya a ƙasar nan ba, wadda aka shirya a 2023 ɗage ta aka yi, yaran da aka haifa a shekarar da muka yi aikin wasunsu yanzu da nasu 'ya'yan.

Abin da zai fi taimaka miki shi ne mazaɓu. Ƙaramar hukumar tana da 12 a lissafin hukumar zaɓe, kuma waɗanda suka ɗauki tsakiyar gari su ne Majidadi A da Majidadi B da Makama Sarkin Baki da Ɗan'iya Hardo da Dawaki, kin ga ma yawancinsu sunayen sarauta ne. Sai dai su ma sun tsallake ganuwa sun fita waje, don gari ya daɗe da fin ƙarfin ganuwarsa, tun zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960, balle da aka yi jiha a 1976 Bauchi ta zama hedikwata ma'aikata suka cika gari, ga jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wato ATBU, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji, ita kanta Yelwar da kike koyarwa ai duk bayan ganuwa ce.

In kina so yara su gane cunkoson cikin gari ba sai da lamba ba. Gida na farko da aka tura ni a wani lungu, daga waje ƙofa ɗaya ce da dakali, na ɗauka minti goma zan yi in fito, na shiga zaure na farko na biyu sai ga sassa bakwai, tsoho da ƙannensa biyu da 'ya'yansu da suka yi aure aka yanka wa kowa ɗaki biyu a tsakar gida, rijiya ɗaya a tsakiya, takardun da na zo da su suka ƙare na koma na ƙaro, azahar ta same ni a gidan har aka kawo mini fura. Wannan shi ne cikin gari, fili ba ya ƙaruwa amma mutane na ƙaruwa. Ki tambayi yaran da kakanninsu ke ciki kowa ya ƙirgo mutanen gidan kakansa ya kawo, ki kwatanta da na 'yan GRA ko Fadaman Mada, darasin lissafi ma ya samu.

Umman Khalifa:

'Yar'uwa Allah ya ba ki lada. Maza sun yi bayanin ƙofa da lamba, ni bari in ce miki inda za ki kai su, don na taɓa raka 'yan islamiyyarmu.

Ki fara da kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da sassafe kafin rana ta yi zafi, yana nan wajen Ƙofar Ran. Kafin ku shiga ki ciro naira biyar in kin samu ki nuna musu hotonsa, ki ce wannan mutumin da ke jiki nan yake kwance, Firayim Minista na farko kuma shi kaɗai ƙasar nan ta taɓa yi, an kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966 aka kawo shi gida aka binne. Ginin da aka yi a kan kabarin an buɗe shi a 1979. Wallahi yadda aka tsara shi sai kin shiga za ki gane, za ku bi wani dogon lungu mai duhu, yara za su riƙe hannun juna su yi tsit, kuna tafiya haske na ɗan shigowa kaɗan kaɗan, masu kula da wurin za su ce miki duhun zamanin mulkin mallaka ne hasken kuma 'yanci, sai kawai ku ɓullo wani fili babu rufi sama a buɗe, bango kewaye da launi iri iri, kabarin kuma a tsakiya ba wani ado a kansa. Wata yarinya cikin namu ta ce Umma shi ne duka? Na ce shi ne duka. Na kasa ƙara komai don hawaye ne ya zo mini. Akwai ɗakin da aka ajiye kayansa, rediyonsa da 'yar talabijin da hotuna, su ga da me shugaban gwamnatin ƙasa guda ya rayu. Ki sa su yi masa addu'a kafin ku fito.

Daga nan sai fada. Ga fadar ga babban masallacin Juma'a ga gidan yari duk wuri ɗaya suke, kin ga tsarin garin da kenan, sarki da masallaci da wurin hukunci kusa da juna, kasuwa kuma ba nisa. Sarkin yanzu Mai Martaba Rilwanu Sulaiman Adamu ya hau a 2010 bayan rasuwar mahaifinsa Sulaiman Adamu, gidan Yakubu ne har yau. Amma fada ba a faɗa mata haka kawai da yara talatin, ki rubuta takarda ta hannun hedimasta tun da wuri, kuma ki koya musu gaisuwa da cire takalmi.

Abin da nake roƙonki shi ne kar ki tsaya a manyan wurare kawai. Ki sauke su daga bas ɗin nan ku taka da ƙafa ko na rabin awa ne, ta Kobi ko Gwallaga ko Ilela ko Doya ko Bakaro, su ga lungun da mota ba ta shiga, su ga zaure da almajirai da alluna. Sunayen unguwanni ma magana suke yi, Unguwar Nufawa kin san Nufawa ne suka zauna, Unguwar Borno mutanen Borno, Karofin Madaki kuma karofi ai wurin rini ne, marina kenan. Garin nan tun farkonsa tara mutane ya yi, Gerawa da Fulani da Hausawa da Jarawa da Barebari da sauransu, Hausa ta haɗa su.

Kuma kar ki kuskura ki mayar da su Yelwa ba su ci masa ba. Ki aika tun daren jiya a ajiye muku, a cikin gida ake yin ta gaske, mai tuyar na zaune gaban tanda tana juyawa da ɗan tsinken ƙarfe, gefen ya yi ja ya yi ƙamas cikin kuma laushi, a zuba miyar taushe ko a barbaɗa ƙuli. Abin da yaro ya ci a wuri ba ya manta wurin.

Bagomben Jekadafari:

Gaisuwa ga mutanen Bauchi, tsoffin 'yan jiharmu kafin a yanke mu a 1996. Ina karanta bayanin Ɗan Jahun ina jin wani abu a raina, ku gode wa Allah ku naku tsohon garin yana nan inda aka kafa shi, kuna kwana a cikinsa. Mu Gomben da kuka sani ta yanzu sai 1919 ta zama hedikwata, asalin garin Buba Yero, wanda ya kafa masarautarmu, shi ne Gombe Abba can ƙasar Dukku, a nan kabarinsa yake, Turawa suka ɗauke hedikwata suka kai Nafada sannan suka dawo da ita nan Doma. Yaro a Pantami ko Bolari sai ya girma ya yi aure bai taɓa taka Gombe Abba ba. Ku ma na san an taɓa ɗauke fadarku zuwa Rauta na wani lokaci amma ta dawo gida, tamu ba ta koma ba. Malama in kin gama ki rubuto mana yadda kuka yi, ƙanwata ma malama ce zan tura mata.

Ɗalibin Tarihi:

Baba Ɗan Jahun a gafarce ni, ba musu nake da na gaba da ni ba, ƙari ne kawai. Labarin Baushe maharbi shi ne ke bakin mutanen gari kuma ya kamata yara su san shi, amma kalmar Bauchi ta girmi garin, tun kafin jihadi Hausawa na kiran ƙasashen da ke kudu da ƙasar Hausa da ƙasashen Bauchi, yanki ne babba ba gari ɗaya ba. Ina ganin 'yan aji shida za su iya ɗaukar duka biyun in aka faɗa musu a hankali.

Sannan Malama in da hali wata rana, ko ba a wannan fitar ba, akwai Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa ta hanyar Ningi, gidan Madakin Bauchi da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, maginin nan da ya yi tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ginin ƙasa ne da bakan gizo da azara, kuma tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Wanda ya shiga ya ɗaga kai ya ga rufin nan zai gane cewa ginin ƙasa ba ginin talauci ba ne, kuma zai iya hasko yadda cikin garin Bauchi yake a lokacin da Turawa suka shigo a 1902. Kar kuma a manta da Malam Sa'adu Zungur, ɗan garin nan ne, ya rasu 1958, kuma a nan Bauchi ne shi da Malam Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa suka yi zaman tattaunawarsu a shekarun 1940 lokacin Malam Aminu na koyarwa a makarantar Midil. Siyasar Arewa wani babban reshenta daga lungunan nan ya tsiro.

Ɗan Jahun:

Madalla ɗana, Allah ya ƙara sani, ban ƙi naka ba ko kaɗan, a gaya musu duka. Ni dai abin da kakana ya faɗa mini a zaure shi na kawo. Malama na yi magana da wani yayana da har yanzu yake gidan gado, ya ce akwai guntun ganuwa a bayan gidan maƙwabcinsu da bai kai ƙirjin mutum ba, an jingina masa turken awaki, mai gidan ya ce ku zo ba komai amma a shigo da yara goma goma don lungun matsattse ne kuma akwai kwata a tsakiya. Ki turo mini saƙo ta akwati in haɗa ku.

Malamar Aji Shida:

Kai jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri ya jiƙan magabata. Baba na turo saƙon yanzu. Ga yadda na tsara, ƙarfe takwas mu bar Yelwa mu shiga ta Wunti in nuna musu ƙofar daga cikin mota don wurin ba ya tsayuwa, sai kabari, sai fada in takardarmu ta samu amsa, in ba ta samu ba mu tsaya daga waje su ga masallaci da ƙofar fada, daga nan mu sauka mu taka zuwa wurin ganuwar, masa kuma a gidan kakar ɗaya daga cikin yaran a Doya, uwarta ta ce ita za ta ɗauki nauyin miya mu kawo shinkafa kawai. Abu Hafsat na ba su aikin ƙirgo mutanen gidan kakanni tun yau, wani yaro har ya ce shi sai an ba shi kwana biyu don gidansu sashe tara ne. Yarinyar da ta yi tambayar kuma na ce ita za ta riƙe takardar sunayen ƙofofi ta riƙa yi wa duk wadda muka wuce alama. Saura abu ɗaya, Umman Khalifa ranar da kuka je kabarin Asabar ce ko ranar aiki, don hedimasta ya fi son mu fita ran Alhamis.